Kare, Ruwa da Magani: Nazarin Yaɗuwar Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin kare a yaɗuwar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani tsakanin dabbobi da mutane a yankin noman rani na Kura da Bunkure, Jihar Kano. An ɗora nazarin a kan tsarin Lafiya Ɗaya, wanda ke kallon lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a matsayin abu guda. An tattaro bayanai daga rahotannin hukumomin lafiya da binciken da masana suka wallafa, sannan aka auna su da abin da al'ada da karin magana suka nuna game da zaman Bahaushe da kare. Maƙalar ta gano cewa kariyar da al'ada ta tanadar wa Bahaushe ta tsaya ne a kan bakin kare, wato cizo da lasa, alhali babbar hanyar da waɗannan ƙwayoyi ke bi ita ce kashinsa, wanda ke gauraya da ƙasa da ruwan ban-ruwa. Haka kuma ta gano cewa kalmomin da ake bayyana matsalar da su a Hausa suna ɗora laifi a kan jikin majiyyaci ko a kan magani, su bar ƙwayar cutar. Daga ƙarshe an kawo shawarwari ga masana harshe da ma'aikatan lafiya da shugabannin sana'o'in gargajiya.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1928 ne Alexander Fleming ya gano fenisilin, maganin da ya buɗe sabon babi a tarihin warkarwa. A jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945, shi da kansa ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su kuɓuce masa. Abin da ya hango ya tabbata. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27.3 a cikin kowane 100,000. A Nijeriya, ƙiyasin na wannan shekara ya kai mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 da matsalar ke da hannu a rasuwarsu.

Idan ana maganar wannan annoba, asibiti ne yake fara faɗowa a rai, sai kuma gidan kaji da garken shanu. Kare ba kasafai ake tunawa da shi ba, musamman a ƙasar Hausa inda ake ganin an riga an yi masa iyaka. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan iyaka ba ta kai inda ake zato ba, kuma a wuri irin Kura da Bunkure, inda ruwa ɗaya ke ratsa gonaki da ƙauyuka duk tsawon shekara, giɓin da ta bari yana da haɗari.

2.0 Ma'anar Bijire wa Magani

Antibayotik magani ne da ke kashe bakteriya ko ya hana ta hayayyafa. Ba ya aiki a kan bairos, wato irin ƙwayar da ke kawo mura. Bakteriya halitta ce mai saurin yaɗo: nau'in ikolai da ke zaune a hanjin mutum da dabba yakan rabu biyu cikin kimanin minti 20 idan yanayi ya yi masa daɗi. A cikin miliyoyin da ake haifa, akan sami 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan sauya ta yadda maganin ba ya cin su. Idan aka sha magani, raunana sukan mutu, waɗannan kuwa su tsira su mamaye filin da aka bar musu. Duk lokacin da aka yi amfani da antibayotik, bisa ƙa'ida ko ba bisa ƙa'ida ba, ana yin wannan tankaɗe da rairaya. Shan sa ba gaira ba dalili, ko ƙasa da ƙima, yana yawaita tankaɗen ba tare da wata riba ba.

Abu na biyu shi ne ya fi shafar batun kare. Bakteriya tana iya miƙa wa wata bakteriyar, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, wanda ke ɗauke da dabarar kauce wa magani. Ke nan ƙwayar da ba ta sa kare ciwo ba tana iya shiga hanjin yaro ta zauna shiru, ta koya wa maƙwabtanta wannan dabara. Sai ranar da yaron ya kamu da ciwon mafitsara ko ƙwayar ta shiga jininsa, a ba shi maganin da aka saba, a ga shiru. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

3.0 Matsayin Kare a Tunanin Bahaushe

Kare yana da fuska biyu a al'adar Hausawa. Ta fuskar amfani, shi ne mai gadin gida da garke, kuma abokin tafiyar mafarauci. Ta fuskar daraja kuwa yana can ƙasa. Ana zagin mutum da kare, ana kiran ɗan barandan wani “karen farauta”, ana ce wa yaron direba “karen mota”. Karin magana ma ta bi sahu: “Kare ka mutu da haushin kura”, “Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri”, “In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.” A duk waɗannan, kare halitta ce ta bakin ƙofa, wadda ake amfana da ita amma ba a jawo ta jiki.

Musulunci ya daidaita wannan zama. Hadisai sun halatta riƙon kare domin farauta da gadin dabbobi da gadin gona, sun kuma yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sha a ciki har sau bakwai. Malaman Malikiyya, mazhabar da ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, wankin kuwa bin umarni ne na ibada. Duk da haka, jama'a sun ɗauki yawun kare abin ƙyama. Ga kuma tsoron ciwon haukar kare, wanda kowane ƙauye ya san yana zuwa ne ta hanyar cizo.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa duk shingen da Bahaushe ya yi ya kewaye bakin kare ne: kada ya ciji mutum, kada ya lashe shi, kada ya sa baki a ƙwarya. Wannan shinge yana da amfani ƙwarai, domin ya rage irin cuɗanyar da ake gani a Turai da Amurka, inda kare ke kwana a gadon ubangidansa. Sai dai shi kansa nisantar ya haifar da wani hali. Karen da ba a jawo shi jiki, ba a kuma cika ɗaure shi ko ciyar da shi sosai ba. Yakan yini yana yawon neman abinci a juji da mayanka da bayan gari, ya yi kashi inda ya ga dama, kuma babu wanda al'ada ta ɗora wa alhakin kwashewa.

4.0 Yankin Nazari

Kura da Bunkure, tare da Garun Malam, su ne ƙananan hukumomin da Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya ratsa. Tushen shirin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Daga Tiga ruwa yakan gangaro ta Ruwan Kanya, ya bi babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa kwamin manomi, duk ba tare da inji ba. An tsara kashin farko na shirin a kan kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ana noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa da sauran kayan lambu, kuma daga kasuwar Kwanar Gafan ake lodin tumatir zuwa Kano da kudancin ƙasar nan.

Abin da ya bambanta yankin da sauran karkarar Kano shi ne rashin yankewar ruwa. A wasu wurare zafin rani yakan busar da ƙazanta ya kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke cikinta. A nan kuwa magudanai a buɗe suke, ƙasa a jiƙe take, kuma ruwan da aka kawo domin shuka shi ne na wanki da wankan yara da shayar da dabbobi. Daɗewar ciwon tsargiya a yankunan ban-ruwa irin wannan shaida ce ta yawan cuɗanyar jama'a da ruwan.

5.0 Hanyoyin Yaɗuwa

5.1 Inda Kare Ke Ɗaukowa

Kare ba shi ne mafarin matsalar ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Mafarinta shi ne yadda ake amfani da magani a jikin mutane da dabbobin kiwo. Hanya ta farko da yake ɗaukowa ita ce ɗanyen nama: mushen kaza da aka jefar, kayan ciki da jini a mayanka, mahaifar saniya ko tunkiya. Dabbar da ta mutu bayan an yi ta ɗura mata magani ita ce ta fi zama maɓoyar ƙwayoyin da suka gagari maganin. Binciken da aka yi a Jami'ar Biristol ta Ingila, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa karnukan da ake ciyarwa da ɗanyen nama sun fi fitar da ikolai mai bijire wa magani a cikin kashinsu.

Hanya ta biyu ita ce taki. Manoman rani suna amfani da kashin kaji da na shanu domin rage tsadar takin zamani. Wani kaso na antibayotik da aka ba dabba, musamman dangin tetarasaikilin, yakan fita a fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa. Tulin takin da aka jibge a bakin gona wurin tono ne ga kare. Hanya ta uku ita ce bayan gidan mutane a fili, matsalar da ta sa gwamnatin tarayya ƙaddamar da gangamin kawar da ita a 2019. Hanya ta huɗu ita ce ba kare magani kai tsaye. Idan karen farauta ya ji rauni aka ba shi ragowar kafson gida na kwana ɗaya ko biyu, an yi masa daidai abin da Fleming ya yi gargaɗi a kai.

5.2 Inda Yake Saukewa

Saniya tana da makiyayi, kaza tana da akurki, amma kare yana iya zagaya mayanka da juji da ruga da gona da tsakar gida a yini guda. Wannan yawo shi ya mayar da shi gada tsakanin wuraren da ba su haɗuwa. Kashin da ya yi a gefen magudana, ruwa yakan kwashe shi zuwa kwamin da ke ƙasa. Manomi yana ban-ruwa ba takalmi, ya ci abinci a gona ba tare da sabulu ba. Tumatir da albasa da latas da karas, waɗanda akan ci ɗanyu, sukan taɓa wannan ruwa ko a wanke su da shi kafin a kai kasuwa. A cikin gida kuma yaro mai rarrafe yana wasa a ƙasar da kare ya kwanta, ƙuda yana tashi daga ƙazanta ya sauka a kan tuwo. Duk wannan yana faruwa ba tare da kare ya ciji kowa ko ya lashi ƙwaryar kowa ba.

5.3 Hujjoji Daga Wasu Ƙasashe

An tabbatar da wucewar irin waɗannan ƙwayoyi tsakanin kare da mutum a wuraren da ake da kayan bin diddigi. A Amurka, daga 2016 zuwa 2018, mutum 118 a jihohi 18 suka kamu da gudawar kamfilobakta wadda ta gagari magungunan da aka saba ba da wa. An gano tushenta a 'yan kwikwiyon da ake sayarwa a shaguna, kuma 142 daga cikin 149 da aka duba tarihinsu an ba su antibayotik. A ƙasar Finlan, a 2015, an sami ikolai mai ɗauke da dabarar da ake kira NDM-5, wadda ke karya magungunan da likitoci ke ajiyewa domin ranar da sauran suka gaza, a jikin karnuka biyu da kuma wani daga cikin mutanen gidan. Masu binciken sun fi karkata ga cewa daga mutum ƙwayar ta koma kan karnukan. Darasin a nan shi ne hanyar tana da zuwa tana da dawowa, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

6.0 Matsalar Harshe

Nan ne batun ya shigo fagen masu nazarin Hausa. Abu na farko shi ne kalmar “ƙwaya”. Da ita ake kiran magani, da ita ake kiran abin maye, da ita kuma ake kiran halittar da ke kawo ciwo. “Ƙwayar cuta” ta haɗa bakteriya da bairos da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka idan aka fassara antibayotik da “maganin kashe ƙwayoyin cuta”, mai mura yana da hujjar zaton nasa ne.

Abu na biyu shi ne sunayen magunguna. A kemis da bakin 'yan talla, sau da yawa launi ne sunan magani: kafso ja da yalo, ko ja da baƙi. Akan kuma saye shi gwargwadon kuɗin da ke aljihu, ba gwargwadon kwanakin da ya kamata a sha ba. Binciken da Nina Etkin da Paul Ross da abokin aikinsu suka wallafa a 1990 a kan wani ƙauye na ƙasar Kano ya nuna yadda Hausawa ke shigar da magungunan bature cikin tunaninsu na gargajiya, suna auna su da launi da ɗanɗano da alamomin fitar ciwo. Maganin da launi ne sunansa ba shi da wuyar tsallakawa daga mutum zuwa akuya ko kare.

Abu na uku shi ne yadda ake bayyana gazawar magani. Majiyyaci yakan ce “jikina ya saba da shi”, ko “bai karɓe ni ba”, ko “jabu ne”. Jimla ta farko da ta biyu sun ɗora abin a kan jiki, ta uku a kan magani. Wannan fahimta ba ta Bahaushe kaɗai ba ce: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2015 a ƙasashe 12, har da Nijeriya, ya nuna kashi 76 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suna zaton jikin mutum ne ke daina jin magani, kashi 64 kuma suna zaton antibayotik yana maganin mura. Illar wannan a fili take. Wanda ya ɗauka jikinsa ne ya saba da magani ba zai taɓa tunanin matsalar tana iya zuwar masa daga kare ko ruwa ba, domin sabo ba ya yaɗuwa.

A kafofin yaɗa labarai ana jin fassara uku: “ƙin jin magani”, “jure wa magani” da “bijire wa magani”. Ta farko an saba jingina ta ga ciwo, kamar gyambon da ba ya jin magani, don haka ba ta nuna mai aikin. Ta biyu tana ɗauke da yabo, domin juriya halin kirki ce a wurin Bahaushe, kuma mai sauraro yana iya mayar da ita kan majiyyaci. Ta uku ta fi dacewa, saboda ba a bijire wa sai abin da a da ake yi wa biyayya, kuma tana neman a ambaci mai bijirewar. Sharaɗinta shi ne a riƙa faɗar ta a cike: ƙwayar cuta ce ta bijire wa magani.

7.0 Shawarwari

Nijeriya ta fitar da tsarin yaƙi da wannan matsala na 2017 zuwa 2022, ta kuma sabunta shi na 2024 zuwa 2028. Domin tsarin ya isa bakin magudana, ana ba da shawarar:

1. Cibiyoyin nazarin harsuna, irin ta Jami'ar Bayero, Kano, su zauna da likitocin mutane da na dabbobi su daidaita kalmomin da suka bambanta bakteriya da bairos, da antibayotik da sauran magunguna.

2. A shigar da Sarkin Baka da Sarkin Fawa da Sarkin Noma da Arɗo da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa cikin wayar da kai, domin su ne masu faɗa a ji a kan mafarauta da mahauta da manoma da makiyaya.

3. A riƙa binne mushe, a killace sharar mayanka, a dafa kayan ciki kafin a ba kare.

4. A bar takin kaji da na shanu ya ruɓe sosai nesa da magudana kafin a zuba a gona, domin zafin ruɓewa yana kashe ƙwayoyi masu yawa.

5. Malamai su faɗaɗa wa'azin tsafta daga yawun kare zuwa kashinsa, su nuna cewa wanda ya riƙi kare ya ɗauki nauyin cinsa da tsaftarsa.

6. A yi amfani da gangamin rigakafin haukar kare da kuma makon faɗakarwa na duniya, 18 zuwa 24 ga Nuwamba, wajen ɗibar samfuri daga karnuka da ruwan magudanai, da kuma hana ba dabba magani ba da izinin likitan dabbobi ba.

Kashe karnuka ba ya cikin waɗannan shawarwari. Muddin juji da mushe suna nan, wasu karnukan za su maye gurbin, kuma tushen matsalar, wato cin zarafin magani, yana nan daram.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe ya gaji kariya mai ƙarfi daga bakin kare, wadda ta dace da haɗarin da kakanninsa suka sani. Zuwan antibayotik da noman rani ya kawo haɗarin da ke bin wata hanya dabam: daga kemis da garke zuwa juji, daga juji zuwa cikin kare, daga nan zuwa ruwa da abinci. A Kura da Bunkure duk mahaɗan wannan sarƙa suna wuri guda. Tsinka ta yana buƙatar likita da malamin gona, yana kuma buƙatar masanin harshe da zai samar da kalmar da manomi zai ji ya gane wane ne ya bijire, kuma wa aka bijire wa. Karen bana, in ji masu iya magana, shi ke maganin zomon bana.